Ranar da Na Kashe wa Faki Adamu Eko

Jiya da hantsi wasu ɗalibai 'yan gida suka shigo shagona a nan Ainu Shams cikin Alƙahira suna neman hayar kayan sauti, wai abokinsu ya gama karatu za su yi masa walima. Na ce to, yaushe zan zo in haɗa muku? Sai ɗayansu, wani dogo mai gilashi, ya yi murmushi ya ce, "Baba Usta, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ai murɗa maɓalli ne kawai. Mu jona, mu ƙara eko ya yi daɗi, khalas." Wallahi sai da na ji kunnena ya ɗau zafi. Na yi furfura a kan sana'ar nan, gwiwata ta lalace a kan tsani, sannan yaron da ko naɗe waya bai iya ba ya tsaya tsakiyar shagona ya ce min murɗa maɓalli ne kawai. Na tambaye shi mene ne eko ɗin. Ya ce abin nan da ke sa murya ta yi kamar ta Harami. Na ce maɓallin da ke kusa da shi fa, wanda aka rubuta Reverb a kansa? Ya ce ai duk ɗaya ne. To ku zauna, ku da ire-irenku masu yawo da sifika a aljihu, in faɗa muku abin da ke ƙarƙashin maɓallin nan.

Iliya sunana, daga Gusau, amma tun daga Ainu Shams har Arba wa Nus in ba ka ce Usta Ilu ba, babu wanda zai nuna maka shagona. Usta shi ne gwanin sana'a a bakin mutanen nan. Karatu na zo yi kamar ku. Allah bai nufe ni da rawani ba, ya nufe ni da waya da dalma. Hadda dai na zo da ita daga gida, sauran fannonin ne suka ƙi zama. Ina cikin wannan hali aka yi rasuwa a layin da muke haya. Kun san yadda mutanen Masar ke yi: a toshe titi da rumfar yadi mai ja da shuɗi da kore, a jera kujeru, a yi ta zagaya da gahawa marar sukari, a ɗauko makaranci ya hau kujera mai tsawo ya yi ta karatu masu ta'aziyya na shiga suna fita. Na ga wani gajeren tsoho yana kokawa da sifika mai nauyi shi kaɗai, na kama masa. Bai ce min na gode ba. Ya miƙo min tulin waya ya ce, "Yalla, naɗe." Shi ne Usta Fahmi, kuma daga ranar ban sake komawa aji ba.

Naɗe waya na fara koya, kuma na daɗe a kanta har na fara tunanin ko mutumin nan wulaƙanta ni yake yi don ni baƙo ne. Ba a gwiwar hannu ake naɗe wayar makirufo ba. Wanda ya naɗe a gwiwar hannu ya murɗe zaren ciki, wata rana ana tsakiyar karatu sai ka ji ƙararrak, murya ta ɗauke, dangin mamaci su juyo su kalle ka. Zagaye ɗaya ka kifa, na biyu ka juya, haka har ƙarshe. In na gama sai Usta ya kama bakin wayar ya wurga ta tsawon layi. In ta miƙe santal, ya yi shiru. In ta ƙulle ko sau ɗaya, ya koma kan shayinsa ya bar ni da ita. Bayan waya sai liƙi da dalma, sai sanin wace sifika ke jure wace amfilifaya, sai hawa sandar lantarki da lasifika mai ƙaho a kafaɗa. Filaya, sukundireba, salatif, mitar gwada wuta, su ne cikin jakata har yau. Miksa kuwa, na'urar maɓallan nan da kuke ɗauka da hannu ɗaya kamar farantin abinci, ko ƙurarta bai bar ni na goge ba sai da ya gama da kunnena.

Yadda ya gama da kunnen nawa shi ne da tafa hannu. Duk inda muka shiga, kafin ya sauke kaya, sai ya tsaya tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya ya karkata kai. Ya ce in yi. Na yi a matakalar bene, na yi a ƙarƙashin gada, na yi a tashar jirgin ƙasa na metro mutane na kallona kamar na zautu. Wata rana ya kai ni wani tsohon masallaci mai ƙubba a cikin tsohon gari, bayan azahar, babu kowa sai mai shara. Ya tsayar da ni a farfajiya ina fuskantar wata doguwar katanga ya ce tafa. Na tafa, sai katanga ta mayar min da tafin guda, sarai, kamar wani ne can ya yi. Ya ja ni ƙarƙashin ƙubba ya ce sake. Wannan karon babu abin da ya dawo guda. Ƙarar ce ta watsu, ta yi ta yawo sama da mu tana raguwa har ta mutu. Ya ce, "Abu ɗaya ka ji?" Na ce a'a. Ya ce, "To Larabawan kasuwa duk sada suke ce musu, kai ma na san a garinku suna ɗaya ne." Na ce amsa-kuwwa muke cewa. Ya sa na fassara masa, ya gyaɗa kai ya ce sunan ya yi, amma na katangar ne kaɗai.

A nan, muna zaune a kan dakali, ya warware min kalmomin da ke jikin miksa. Shi ma ba a makaranta ya samo su ba. Yana saurayi ya yi aiki a wani gidan silima a tsakiyar gari ƙarƙashin wani Bagirke mai kula da injin sauti, kuma wannan Bagirken, in ji Usta, ba ya yarda ka taɓa maɓallin da ba ka san ma'anar sunansa ba. Echo, wanda muke cewa eko, ba ma Turancin Ingila ba ne tun asali. Daga Girkanci aka aro shi, daga kalmarsu ta ƙara. Har suna da tatsuniyar wata aljana mai wannan suna da aka yi wa baki: ba ta iya fara magana, sai dai ta maimaita ƙarshen maganar wani. Usta ya ce ka bar tatsuniya, ka riƙe aikin: eko ba ya ƙirƙirar komai, wutsiyar kalma yake ɗauka ya sake ajiye ta. Reverb kuwa, da muke cewa ribab, guntulen doguwar kalma ce da ta fito daga Latin, harshen Rumawan da, kuma tushenta duka ne, irin dukan bulala, da ɗan ƙari a gaba mai nufin mayarwa. Wato bango ya rama. Ka jefa masa murya ya doko maka ita, na gefe ma ya doko, rufi ya doko, ƙasa ta doko, har ka rasa wanne ne wanne. Na uku shi ne Resonance, shi ma daga Latin, sake yin ƙara. Wannan ba dawowa ba ce. Abu ne ke taya muryar amo da jikinsa, kamar ƙoƙon gurmi, ko gilashin taga in babbar mota ta wuce, ko ƙirjin mutum. Usta ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Wannan ba ya kan miksa. In ya tafi ya tafi."

Na taɓa tambayarsa, to su Turawan ba su da nasu ne, duk aro? Ya yi dariya ya ce nasu na gida su ne irin ring da boom, waɗanda baki ne kawai ya kwaikwayi ƙarar, yadda mu ma muke cewa ƙarfe ya yi ƙararrawa ko ganga ta yi dum. Na manyan malamai ne suka aro. Ban je na bincika a littafi ba, amma wani malamin Turanci da na yi wa aiki a wata makaranta a Ma'adi ya tabbatar min da haka yake.

Aikin farko da ya bar ni na zauna gaban miksa, wata rumfar makoki ce a Matariyya. Ku saurara da kyau, don nan ne eko yake da gida. Rumfar yadi ba ta da bango. Yadi shanye murya yake yi, ba ya ramawa. Makaranci ya buɗe baki a ciki sai ya ji muryarsa ta bushe, ta faɗi a gabansa, ya fara matsa maƙogwaro, kafin a je ko'ina ya dishe. Don haka aka ƙirƙiro injin, don a ara wa mai rumfa abin da mai ƙubba ya samu kyauta. Amma ba murɗawa ake yi a tafi shan shayi ba. Hannunka ba ya barin maɓallin. Yana cikin aya, ka sauke shi ƙasa kowane harafi ya fito tsaf. Ya zo gaɓar tsayawa, ya ja madda ta ƙarshe, sai ka ɗaga a hankali wutsiyar ta ɗan yi shawagi yayin da yake jan numfashi, jama'a su ce Allah. Kafin ya buɗe baki kuma ka riga ka sauke. In ka makara, wutsiyar ayar baya ta hau kan ayar gaba ta danne mata harafin farko. To ta yaya za ka san inda zai tsaya in ba ka san surar ba? Haddar da na zo da ita daga Gusau ita ta ba ni abinci a garin nan. Ranar na tashi rigata sharkaf, yatsuna biyu sun sandare. Makarancin ya sauko ya wuce ni ya je ya rungumi Usta Fahmi. Haka sana'ar take: in ka yi daidai ba wanda ya san kana wurin, in sifika ta yi kuka sau ɗaya kowa ya san sunan ubanka.

Masu ba da aiki kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Kowa injiniya ne. Mai biki ya zo ya tsaya kanka yana cewa ƙara, ƙara, don maƙwabta su san ya aurar da 'ya. Mai zauren taro a Ma'adi ya yi bango da gilashi tun daga ƙasa har sama, sannan ya kira ka ya ce kayanka ne ba su da kyau. Ka tafa masa hannu ya ji da kunnensa, ya ce shi ba tafi ya ɗauko ka ka yi ba. Ban taɓa samun wanda ya ce rage ba.

Sai shekarar annoba. Aka hana taro, aka rufe masallatai, aka hana kafa rumfa. Ba a taɓa mutuwa a garin nan kamar lokacin ba, kuma ba a taɓa rashin aikin makoki kamar lokacin ba. Kayana suka zauna suna shan ƙura. Na sayar da manyan sifikuna biyu ga wani mai shagon waya da bai san darajarsu ba. Abin da ya riƙe ni shi ne masu keken sayen tsofaffin kaya da masu tallar dankali a tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, su zo in ɗaukar musu muryar talla a saka a ƙaramar lasifika tana maimaitawa. Su ma sai sun ce a sa eko. Ni da na zauna gaban manyan makaranta, na koma ina sa wa mai kiran tsohon firji wutsiya. A shekarar Usta Fahmi ya rasu. Mutumin da ya haɗa sauti a makokin rabin unguwannin nan, aka binne shi da mutanen da ba su cika sahu ɗaya ba, babu rumfa, babu makaranci, babu ko kujera. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mai rumfar da muke aiki tare shi ma ya karye, ya zube min wasu tsofaffin yadukan rumfa a shago ya ce in ajiye masa, ya koma ƙauyensu bai dawo ba.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji. Bayan an buɗe gari, yaƙi ya koro mutane daga Sudan, Arba wa Nus ta cika ta batse. Akwai wata zawiya a can, ƙaramin masallaci a ƙasan wani bene, inda Hausawan Sudan ke salloli biyar. Limaminta Faki Adamu, wato Malam Adamu a bakin mutanen Sudan, tsoho ne daga cikin Hausawan nan da kakanninsu suka taso Makka a ƙafa suka tsaya a bakin Nilu. Ya daɗe a Alƙahira, tun zawiyar tana ɗaki guda da tabarmi shi ke jan salla. Ba albashi ake ba shi ba. Matarsa ta rasu, garinsu ba ya komuwa, idonsa ya yi rauni bai iya duba Alƙur'ani. Abin da ya rage masa a duniya shi ne tsayuwar nan a gaban sahu.

'Yarsa Amna, mai sayar da turaren wuta da lalle, ita ta hawo mota ta zo shagona. Ta ƙi zama. Ammu take ce min, wato baffa.

Ta ce, "Ammu Ilu, kwamiti sun ce kafin azumi za su canza liman. Wai ba a jin karatun Baba, wai muryarsa ta tsufa. Wallahi a gida in ya yi karatu har maƙwabta suna ji. Tun da suka gyara zawiyar nan ne. Ka zo ka duba, kada su sauke shi a kan laifin bango."

Na ɗauki jakata na bi ta. Ina shiga na ga abin da aka yi, na ce inna lillahi. Jama'a sun yi yawa, sai aka fasa shagon da ke gefe aka haɗe. Shugaban kwamitin, wani ɗan kasuwa Hajj Usman, ya sa aka manna farin tayil tun daga ƙasa har rufi, yana ƙyalli kamar shagon mahauci. An kwashe tsofaffin dardumai masu kauri an shimfiɗa wata leda mai zanen sahu. An fitar da kantocin littattafai. An cire labule. Sannan aka kafa sifika huɗu, kowace kusurwa ɗaya, suna kallon juna. Na tsaya tsakiya na tafa hannu. Tafin ya ƙi mutuwa, ya yi ta karo da bango yana zizara har haƙorana suka amsa. Na buɗe akwatin da amfilifaya take, sai na tarar an murɗe eko har ƙarshe, ya tsaya don babu sauran inda zai je. Ɗakin da bango ke rama duka ta ko'ina, an kuma ƙara masa wutsiya. Miya ta yi gishiri, an sake zuba mata.

Na ce wane ne mai taɓa wannan? Wani ɗalibi ya matso, ɗan Kano, Nazifi, shi ne ladan, shi ke tsayawa bayan liman. Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Na ce ku ne masu kashe wa mutane kunne, kun ji a waya kuna so ku mai da gareji Harami. Ga tsoho za a sauke saboda wasanka da maɓalli.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Usta, da dai ka bar eko ɗin yadda yake."

Na ce, "Don me?"

Ya dubi ƙofa inda Amna ke tsaye, ya dubi Hajj Usman da ya shigo yana karkaɗa makullin mota, ya ce, "Haka dai ya fi."

Na ce ya fi a gidanku, na ture shi gefe na kama aiki.

Da Hajj Usman muka fi kai ruwa rana. Na ce sai an rufe bangon baya da na gefe ɗaya. Ya ce a rufe tayil ɗin da ya kawo? Na ce Hajj, kai ka zaɓa, ko mutane su kalli bango ko su ji Alƙur'ani. Ya ce ba bango ba ne, tsohon ne ya ƙare. Na ce ba ni magariba ɗaya. In ba a ji shi ba ku yi abin da kuka ga dama, ni ma in daina kiran kaina usta. Ya ce tamam, yana dariya. Na aika aka ɗauko min yadukan rumfar nan da ke jibge a shago. Wani dattijo ya ce yadin makoki a masallaci? Na ce ai shi kuke ratayawa a titi da azumi, bai kashe kowa ba. Na ɗaura igiya na rataye su da tazarar tafin hannu daga bango, don yadin da ya manne da tayil rabin aiki yake yi. Na sa aka dawo da dardumai daga ɗakin ajiya. Na sauke sifika biyu, biyun da suka rage na kai su gaba na karkata su ƙasa suna kallon kawunan mutane, don jikin mutum da rigarsa sun fi kowane labule shan amo. Na rage ƙasan murya da ke sa ɗaki yin dum. Eko kuwa na mayar da shi sifili, na manna salatif a kai. Na sake tafa hannu, tafin ya faɗi ya mutu nan take.

Bayan la'asar aka kawo Faki Adamu, wani ya riƙo masa hannu. Dogo ne, ya ranƙwafa, farar jallabiya da rawanin Sudan. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Allah gafarta Malam, wancan makirufon mai sanda ba ya yi maka, kana ruku'u ya bar ka. Na fito da ƙarami mai maƙalawa na maƙala masa a wuyan riga. Ya shafa shi da yatsa ya ce, "Wannan ɗan abin ne zai ɗauke ni?" Na ce zai ɗauke ka har numfashinka. Ya yi dariya ya sa min albarka.

Magariba ta yi, zawiya ta cika har bakin titi, don labari ya zaga cewa yau za a gwada liman. Na tsaya ƙarshen sahun farko kusa da akwatin. Ya yi kabbara, kabbarar ta fito sarai, har na ji wani a bayana ya ja numfashi. Fatiha ta fito harafi bayan harafi. Muryar ta sirance, gaskiya ne, ƙirjin nan da Usta Fahmi ya ce ba ya kan miksa ya tafi, amma babu kalmar da ta ɓace. Aka ce amin, zawiya ta ɗauka. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata Hajj Usman sai ka nemi wani dalilin.

Sai ya kama sura. Ayoyin farko lafiya. Can ya zo wata aya da ke da 'yar'uwa mai kama da ita a wata sura, sai ya zame ya faɗa waccan, ya ci gaba a can bai sani ba. Na ji, don na san wurin. Kuma ba ni kaɗai na ji ba. Daga sahu na biyu wani ya ɗaga murya ya gyara masa, daga baya wani ma ya gyara, har muryoyi suka haɗu. Tsohon ya tsaya cak. Ɗan makirufon nan ya kawo mana numfashinsa yana rawa. Ya koma baya ya kama daidai, ya yi aya biyu, ya tsallake ta uku. Aka sake gyara masa. Ya yi ruku'u a nan. A raka'a ta biyu ya ɗauko gajeriyar sura da yaran allo ke rerawa, ya kai ta ƙarshe a hankali kamar mai taka tsani.

Aka yi sallama. Babu wanda ya tashi, babu wanda ya yi tari. Hajj Usman ma kansa na ƙasa. Faki Adamu ya juyo ya fuskanci jama'a yadda ya saba, ya lalubo gwiwar Nazifi da ke gabansa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya manta abin na wuyansa, ni kuma hannuna bai kai ga maɓallin da wuri ba. Kowa ya ji.

"Ɗana, yau ne na fara, ko na daɗe ina yi?"

Nazifi ya kau da kai gefe.

"Don Allah na tambaye ka."

"Tun bara ne, Baba. Ba kullum ba. In ka zame nakan karanta daidai a bayanka a hankali, wani lokaci ka kamo."

"Su kuma ba sa ji."

"Ba sa ji, Baba."

Sai a lokacin na gane wanda ya murɗe maɓallin nan har ƙarshe da abin da ya sa: eko ne ke rufa wa tsohon asiri. Na kashe amfilifaya. Kada ku zaci zan ce muku aikin bai yi ba. Aikin ya yi, ban taɓa gyara ɗaki ya yi kyau kamar wannan ba, kuma ko an bar eko ɗin kwamiti sauke shi za su yi. Amma haushi ya cika ni har wuya, na Hajj Usman da tayil ɗinsa, na yaron da ya ga ina hawa tsani tun hantsi bai ja ni waje ya faɗa min ba, na masu gyaran nan da suka haɗa baki kamar suna jira. Da sun sauke shi a kan murya, da ya tafi gida yana cewa bango ne. Na leƙa ta taga na ga Amna a bakin titi ta rufe fuska da mayafi.

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Na durƙusa ina tattara filaya da salatif, sai na ji ya kira ni.

"Usta."

Na matsa na ce, "Na'am, Malam. In kana so in mayar da shi yadda yake, yanzu sai in mayar."

Ya ce, "Kul. Salla ce ta mutane. Bar shi yadda ka gyara." Ya juya wajen Nazifi ya ce isha'i kai za ka ja, da asuba, da abin da ya biyo baya. Sannan ya kai hannu wuyan rigarsa yana laluben ɗan makirufon. Ya kama, ya ja, abin ya ƙi fita, yatsun sun kasa matse bakin. Ya yi ta fama, mu biyu muna kallo, babu wanda ya iya miƙa hannu. Can ya saki, ya ɗaga haɓa sama ya miƙo min wuyansa.

Ya ce, "Kai ka sa min. Cire min."